Zambo a Gaban Alƙali: 'Yancin Mawaƙi da Shari'o'in Ɓata Suna a Kano, 2007 zuwa 2022

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda ake gurfanar da mawaƙa da masu barkwanci a kotunan Jihar Kano kan zargin taɓa mutuncin masu mulki, daga 2007 zuwa 2022. Ta fara da bayyana gurbin zambo da habaici a al'adar waƙar Hausa, sannan ta dubi dokokin da ake amfani da su, ta kuma bi wasu fitattun shari'o'i ɗaya bayan ɗaya. Abin da maƙalar ta gano shi ne, a mafi yawan shari'o'in ba a tsayawa a tantance ko abin da mawaƙi ya faɗa iƙirarin gaskiya ne ko kuwa zambo ne da kowane mai sauraro ya san kambamawa ce. Ana kauce wa wannan tambaya ta hanyoyi biyu: ko a tuhumi mawaƙi da sakin waƙa ba tare da tacewa ba, ko a yi masa shari'ar laifi ta gaggawa wadda ke ƙarewa da amsa laifi. Maƙalar ta ba da shawarar a mayar da ɓata suna shari'ar diyya tsakanin mutum biyu, a kuma sa fahimtar mai sauraro Bahaushe ta zama ma'aunin hukunci.

1.0 Gabatarwa

A watan Nuwamba na 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok hukuncin bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, da kuma neman afuwa a bainar jama'a. Laifinsu shi ne wani ɗan gajeren bidiyo da suka yi suna shaguɓe ga gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. Matasan sun amsa laifi, aka yi musu bulalar, labari ya kai kafafen yaɗa labarai na duniya, ƙungiyar Amnesty International ta yi tir da hukuncin.

Muhawarar da ta biyo baya ta rabu gida biyu, kamar yadda aka saba. Wasu suka ce an danne 'yancin faɗar albarkacin baki. Wasu suka ce yaran ba su da tarbiyya, kuma addini da al'ada ba su yarda da cin mutuncin shugaba ba. Ɓangarorin biyu duk sun tsallake wani abu da ya kamata masu nazarin adabi su fi kowa lura da shi: Bahaushe ya daɗe da sanin bambancin zambo da ƙazafi, yana kuma da hanyoyin da yake gane kowanne. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan sani da ke kunnen mai sauraro bai samu shiga zauren kotu ba, kuma rashin shigarsa shi ne tushen matsalar. Maƙalar ta taƙaita ga taɓa mutuncin mutane, musamman masu riƙe da muƙami. Shari'o'in ɓatanci ga addini fage ne dabam mai dokokinsa.

2.0 Gurbin Zambo da Habaici a Waƙar Hausa

Duk wanda ya saurari makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru ya san yabo ba ya tafiya shi kaɗai. Makaɗi zai ɗaga ubangidansa, sannan ya juya kan 'yan sarkin da suka nemi gadon suka rasa, ko wani bafade da ake zargi da zagon ƙasa. Zai siffanta shi da wata dabba, ko ya kama wata halitta ta jikinsa ya kambama ta, ko ya jingina masa rowa da ragwanci. Ba ya kiran suna. Mutanen fada sun san wanda ake nufi, wanda ake nufin ma ya sani, amma ba shi da bakin kai ƙara, domin in ya tanka ya tabbatar da kansa. A nan ne karin maganar nan ta mai kaza a aljihu ba ya jimirin as take aiki.

M. G. Smith, a nazarinsa na 1957 kan roƙo, wanda ya gina bisa binciken da ya yi a ƙasar Zazzau, ya nuna cewa maroƙi yana riƙe da makami mai kaifi biyu: wanda ya yi kyauta ya sha yabo, wanda ya hana ya sha habaici. Manazarta na baya irin su Ɗandatti Abdulƙadir da Sa'idu Muhammad Gusau da Graham Furniss sun faɗaɗa wannan bayani, suka nuna cewa zambo wani ginshiƙi ne na waƙar baka, kuma yana da ƙa'idojinsa. Waƙar "Gagarabadau" ta Mamman Shata ta isa misali: shekaru da dama ana saurarenta ana dariya, ana gardama kan wanda aka yi wa, amma ba wanda ya ɗauke ta a matsayin rahoton abin da ya faru.

Za a iya fitar da sharuɗɗa uku da suka sa al'umma ta iya zama da zambo. Na farko, kambamawar a fili take. Idan makaɗi ya ce wane ya fi kura tsoro, mai sauraro ba ya neman hujja, domin ya san ba labari ake ba shi ba. Na biyu, akwai fage. 'Yan kama da 'yan gambara suna da lasisin al'ada na faɗar abin da wani ba zai faɗa ba. Yaran tashe, daga goma ga watan azumi, suna kwaikwayon malami da attajiri da tsoho mai budurwar zuciya, a Kano kuma Nalako yana farautar gwagware, ba wanda ke fushi. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, ko Gobirawa da Yarbawa, yana halatta maganganun da in wani bare ya yi su sai an kai ruwa rana. Na uku, akwai hanyar ramawa. Wanda aka zamba yana iya sa nasa makaɗin ya mayar da martani, ko ya aika da kyauta a rufe bakin, ko manya su shiga tsakani.

Wannan ba ya nufin cewa da can mawaƙa sun sha daɗi. Sarki yana iya korar makaɗi daga ƙasarsa. A shekarun 1950, lokacin da jam'iyyun NEPU da NPC suka mayar da waƙa makamin siyasa, mawaƙa irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu suka yi fice, kotunan alƙalai na En'e sun ɗaure 'yan NEPU da yawa kan zargin zagin sarakuna. Ke nan amfani da kotu don rufe bakin ɗan adawa yana da tsohon tarihi a ƙasar Hausa, kuma tun a wancan lokaci mai ƙara da mai iko da kotun kusan abu ɗaya ne.

3.0 Abin da Doka ta Tanada

Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin faɗar albarkacin bakinsa da yaɗa ra'ayi. Sashe na 45 kuma ya halatta a taƙaita wannan 'yanci da doka don tsaro da zaman lafiya da tarbiyyar jama'a da kare haƙƙin wasu, muddin dokar ta dace da tsarin dimokuraɗiyya. Tsakanin waɗannan sassa biyu ne duk gardamar take.

Dokar Finalkod, wadda ta fara aiki a Jihar Arewa a 1960, an ɗauko ta ne daga ta Sudan, ita kuma ta Sudan daga ta Indiya ta 1860. Sashe na 391 ya bayyana laifin ɓata suna, sashe na 392 ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara biyu, ko tara, ko duka biyun. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, sashe na 391 ɗin kansa ya jero togaciya da dama. Daga ciki akwai faɗar gaskiya don amfanin jama'a, da bayyana ra'ayi da kyakkyawar niyya kan yadda ma'aikacin gwamnati yake tafiyar da aikinsa. Wato dokar da ake ɗaure mawaƙi da ita tana ɗauke da garkuwar da zai kare kansa, in har an kai matakin da za a saurari kariyar.

A ɓangaren shari'ar Musulunci, wadda Kano ta mayar da dokokinta na laifuka a 2000, ƙazafi yana da iyaka sananniya: jifan kamili ko kamila da zina, ko kore wa mutum nasabarsa, ba tare da shaidu huɗu ba. Haddinsa bulala 80 ne, kamar yadda ya zo a Suratun Nur. Malikawa sun ƙara da cewa ko da ta hanyar gugar zana aka yi jifan, in dai ma'anar ta fito fili, haddi ya hau. Wannan ya nuna cewa ɓoye suna ba ya kuɓutar da mai habaici a kowane hali, ya kuma nuna cewa malaman fiƙihu sun damu da abin da mai sauraro ya fahimta.

Sai dokokin zamani guda biyu. Akwai dokar da ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, wadda ta wajabta kai aiki a duba kafin a sake shi. Akwai kuma dokar laifukan intanet ta 2015, wadda sashenta na 24, kafin a gyara shi, ya haramta aika saƙon da ke da cin fuska ko ɓata rai, da kalmomi masu faɗin da kusan kowace suka za ta shiga ciki. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020 cewa sashen ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, aka kuma yi masa gyara a 2024.

Manyan kotuna sun riga sun nuna alƙibla. A 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke Arthur Nwankwo, wanda aka ɗaure saboda littafin da ya rubuta yana sukar gwamnan Anambra, Jim Nwobodo. Kotun ta ce dokar tayar da zaune tsaye da aka gada daga Turawan mulkin mallaka ba ta dace da ƙasa mai 'yanci ba, kuma mai muƙamin da yake ganin an ɓata masa suna ya je ya shigar da ƙarar diyya kamar kowa. A Disamba 2014 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam, a shari'ar ɗan jarida Lohé Issa Konaté da ƙasar Burkina Faso, ta ce ɗauri kan ɓata suna ya wuce kima. Ghana ta soke dokar tun 2001, Jihar Legas ma ta cire laifin daga kundinta na 2011. Nijar kuwa ta yi gaba ta dawo baya: an cire ɗauri kan ɓata suna ta intanet a 2022, gwamnatin soja ta mayar da shi a 2024.

4.0 Shari'o'in Kano

4.1 Zangon Farko: 2007 zuwa 2009

Bayan abin kunyar da ya girgiza masana'antar fim a 2007, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Finafinai, aka kuma haɗa hukumar da kotun tafi-da-gidanka. A cikin wannan shekara aka ɗaure Adam A. Zango wata uku kan faifansa na "Bahaushiya". A 2008 aka ɗaure Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda a lokacin ba a da ɗan barkwancin da ya kai shi farin jini. A ƙarshen shekarar aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyantama kan fim ɗinsa "Tsintsiya", kafin Babbar Kotu ta soke hukuncin a 2009.

Mawaƙa suka mayar da martani da abin da suka iya. Waƙoƙin suka bi wayoyin hannu ta bulutut, daga kasuwar Farm Centre zuwa majalisun unguwanni, ba tare da sun bi ta kanti ko gidan rediyo ba. A tsakiyar 2009 kotun tafi-da-gidanka ta haramta saurare da yaɗa waƙoƙi 11, cikinsu har da "Oyoyo" ta Zango, da "Girgiza Kai" ta Nazir Ahmad Hausawa, da "Hasbunallahu" ta Aminuddin Ladan Abubakar, wato Ala, da abokan waƙarsa.

"Hasbunallahu" ta cancanci a tsaya a kanta. Waƙa ce da aka gina ta a siffar addu'a, ana kai kukan masu fasaha ga Allah kan masu takura musu, ana roƙon sakayya. Ba a kira sunan kowa ba, ba a kuma jingina wa wani takamaiman laifi da za a ce a kawo hujjarsa ba. Habaici ne tsantsa irin na gargajiya, wanda ya ari rigar alƙunutu. Da a ce an kai ta kotu a matsayin ɓata suna, mai ƙara sai ya fara tabbatar da cewa shi ake nufi, sannan ya nuna wace ƙarya aka yi masa. Wannan aiki ne mai wuya, kuma mai kunyatarwa. Da aka kama Ala a watan Yuli na 2009, tuhumar da aka yi masa ita ce sakin waƙa ba tare da amincewar hukuma ba. Irin wannan tuhuma ba ta buƙatar a saurari baiti ko ɗaya. Tambayarta guda ce: akwai takardar shaida ko babu?

4.2 Zango na Biyu: 2017 zuwa 2022

Gwamnati ta sauya, shugabancin hukumar ya sauya har ya koma hannun ɗan masana'antar, amma salon bai sauya ba. Bayan ɓarakar Kwankwasiyya da Gandujiyya, an gurfanar da Sadiq Zazzaɓi a 2017 kan waƙar da ya yi wa Rabi'u Musa Kwankwaso, bisa tuhumar rashin kai ta tacewa. A 2019, daidai lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin gwamnati da Sarki Muhammadu Sanusi II, an kama Naziru M. Ahmad, wanda a lokacin shi ne Sarkin Waƙar Sarkin Kano, shi ma kan waƙoƙin da aka ce ba a tace ba. Kowa a Kano ya san waƙoƙin siyasa nawa ne ke fitowa kullum ba tare da sun ga ƙofar hukumar ba. Idan doka ta hau kan kowa amma aka zaɓi waɗanda za a kama, to zaɓin shi ne ainihin hukuncin.

Hanya ta biyu ita ce tuhumar ɓata suna kai tsaye. A 2019 kotun majistare ta yanke wa mawaƙi Mohammed Yusuf, wanda aka fi sani da AGY, ɗaurin shekara biyu jimilla kan tuhume-tuhumen da suka haɗa da ɓata sunan gwamna a waƙa. Sai kuma shari'ar matasan TikTok ta 2022. Yadda irin waɗannan shari'o'i ke gudana sananne ne. 'Yan sanda ko jami'an tsaro su kama mutum, a kai shi gaban majistare da rahoton farko, a karanta masa tuhuma, a tura shi gidan gyaran hali kafin a duba batun beli. Bayan kwanaki a tsare, iyaye da 'yan uwa suna ta zirga-zirga gidajen manya, shawarar da kowa zai ba shi ita ce ya amsa laifi ya nemi sassauci. Da zarar ya amsa, togaciyar da ke sashe na 391 ta zama ba ta da amfani. Wanda aka ce an ɓata wa suna ba ya zuwa kotu, ba ya rantsuwa, ba a yi masa tambayoyin ƙwaƙƙwafi. Gwamnati ce ke ɗaukar nauyin ƙarar da kuɗin jama'a.

Kwatanta wannan da abin da ya faru da aka bi ɗaya hanyar. A 2018 jaridar Daily Nigerian ta Jaafar Jaafar ta wallafa bidiyoyin da ta ce suna nuna Gwamna Ganduje yana karɓar daloli. Gwamnan ya musanta, ya shigar da ƙarar neman diyyar naira biliyan 3 a Babbar Kotun Kano. A can dole mai ƙara ya kawo hujja, wanda ake ƙara kuma yana gida tare da lauyoyinsa. A 2021 gwamnan ya janye ƙarar daga kotun, aka umarce shi ya biya naira 800,000 kuɗin ɗawainiya. Zargin da jaridar ta yi ya fi na masu barkwancin nauyi nesa ba kusa ba, domin iƙirarin gaskiya ne tsirararsa. Amma mai zargi mai nauyi ya samu cikakkiyar shari'a, masu ba'a suka samu bulala.

5.0 Tambayar da Ba a Yi Ba

A duk shari'ar ɓata suna da ta shafi waƙa ko barkwanci, tambayar farko ita ce: mai sauraro mai hankali, wanda ya san irin wannan fasaha, zai ɗauki maganar a matsayin labarin abin da ya faru? Kotunan Amurka sun daɗe suna aiki da wannan ma'auni. A 1988 Kotun Ƙolin ƙasar, baki ɗaya, ta yi watsi da diyyar da aka ba mai wa'azi Jerry Falwell kan wata tallar ba'a mai muni da mujallar Hustler ta buga, domin ba mai hankalin da zai gaskata abin da ke cikinta. A 2003 wata alƙaliya a Michigan ta kori ƙarar da wani da suka yi makaranta ɗaya da mawaƙi Eminem ya shigar kan waƙar "Brain Damage", bisa dalilin cewa kambamawar a bayyane take. A Oktoba 2025 wata kotun tarayya a New York ta kori ƙarar da mawaƙi Drake ya kai kamfanin Universal Music Group kan waƙar Kendrick Lamar, "Not Like Us". Zargin da ke cikin waƙar mai muni ne ƙwarai, amma kotun ta dubi fagen da aka yi ta, wato musayar zambo tsakanin mawaƙa biyu da kowannensu ya jefi ɗan uwansa, ta ce mai sauraro ya san ba sakamakon bincike yake ji ba.

Ba a kawo waɗannan misalai don a ce Kano ta zama Amurka ba. Abin da al'ummarmu za ta iya jurewa dabam ne, kuma mutunci a wurin Bahaushe dukiya ce ta dangi gaba ɗaya. Abin lura shi ne, sharuɗɗan da alƙalan can suka dogara da su, wato bayyanar kambamawa da sanin fage da damar ramawa, su ne dai waɗanda aka lissafa a sashe na 2.0. Ba baƙi ba ne a wurinmu.

Tarihin Musulunci ma yana da abin koyi. Littattafan adabin Larabci sun ruwaito cewa Zibriƙan ɗan Badar ya kai ƙarar mawaƙi Huɗai'a wurin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi kan wani baiti. A zahiri baitin bai yi kama da zagi ba, sai Halifa ya kira Hassanu ɗan Sabit, masanin waƙa, ya tambaye shi. Hassanu ya tabbatar da cewa zambo ne mai zafi. Aka tsare Huɗai'a, daga baya aka sake shi bisa alkawarin zai bar mutuncin mutane. Masu goyon bayan tsauri suna iya kafa hujja da tsarewar. Amma a dubi tsarin: wanda abin ya shafa shi ya kawo ƙara da kansa, alƙalin ba shi ne aka zamba ba, an saurari baitin, an kuma nemi ra'ayin gwani kafin a yanke hukunci. A shari'o'in da aka bi a sama, da wuya a nuna wadda ta cika waɗannan matakai.

6.0 Haƙƙin Wanda Aka Zamba

Adalci ne a faɗi cewa mawaƙan yau ba duka ne ke tsayawa a iyakar zambo ba. Waƙar siyasa ta zama kwangila. Ɗan takara yana biyan mawaƙi ya shiga situdiyo ya jingina wa abokin hamayya sata ta adadi sananne, ko ya taɓa nasabarsa, ko ya shiga ɗakin matarsa. Wannan iƙirari ne da ake so a gaskata, kiɗa kawai aka ɗora masa. Sanya magana cikin waƙa ba ya wanke ta.

Fage ma ya rushe. Zambon fada yana da masu sauraro da suka san gidan da tarihin rigimar. Bidiyon daƙiƙa 30 kuwa yana isa Agadas da Kumasi da Jidda a yini guda, an yanke farkonsa da ƙarshensa, ya faɗa hannun wanda bai san wasa ake yi ba. Waɗanda suka fi cutuwa da wannan ba gwamnoni ba ne. 'Yan mata ne da zawarawa da ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda ake kama sunansu a yi raha da shi, aure ya mutu ko ciniki ya tsaya, ba su da kwamishinan shari'a da zai tsaya musu. Tsarin da ake da shi yanzu yana gaggawar kare wanda ya fi kowa ƙarfin kare kansa, mai gidan rediyo da kakaki da mawaƙansa na kansa, ya bar mai rauni da haƙuri. Duk gyaran da za a yi dole ya juya wannan lissafi.

7.0 Shawarwari da Kammalawa

Daga abin da ya gabata, maƙalar tana ba da shawarwari biyar. Na ɗaya, majalisun jihohin Arewa su cire ɗauri da bulala daga hukuncin ɓata suna na Finalkod, a bar shi a matsayin shari'ar diyya da janye magana da neman afuwa. Ƙazafi mai haddi yana nan a gurbinsa da sharuɗɗansa. Na biyu, kafin a kai ga haka, a hana gwamnati shigar da ƙara a madadin mai riƙe da muƙamin siyasa. Wanda aka taɓa ya zo da kansa, ya yi rantsuwa, ya amsa tambayoyi. Na uku, a duk shari'ar da ta shafi waƙa ko wasan kwaikwayo, kotu ta saurari aikin gaba ɗayansa, ta kuma gayyaci masani daga sassan nazarin Hausa na jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo. Na huɗu, a raba aikin Hukumar Tace Finafinai da rigimar siyasa: rashin kai waƙa tacewa ya tsaya a tara, kada ya kai ga tsarewa. Na biyar, ƙungiyoyin mawaƙa da ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN su kafa kwamitin sulhu mai sauƙin kai kuka, wanda talakan da aka ci wa mutunci zai samu a goge bidiyo a kuma ba shi haƙuri cikin kwanaki, ba tare da kuɗin lauya ba.

Shari'o'in da aka nazarta sun faru ne a ƙarƙashin gwamnatoci masu adawa da juna, kuma mawaƙin da ke cin moriyar gwamnati yau shi ne abin farauta gobe in mulki ya juya. Wannan kaɗai ya isa ya sa 'yan siyasa na kowane ɓangare su so gyaran. Ga manazarta kuwa, akwai aiki a gaba: a tattara bayanan waɗannan shari'o'i daga rajistar kotunan majistare, a adana waƙoƙin da aka haramta, a kuma fitar da ma'aunin rarrabe zambo da habaici da ƙazafi cikin harshen da lauya da alƙali za su iya aiki da shi. Ilimin yana nan a sassan Hausa shekaru da dama. Abin da ya rage shi ne a kai shi inda ake yanke hukunci.